Yadda Ake Bin Diddigin Tarihi da Ƙasashen Gidan Sarauta na Jamus, da Misalin Gidan Zollern

Wani ɗalibina a nan Gombe ya same ni bayan la'asar da takardu huɗu cike da sunaye, ya ce: "Malam, an ba ni aikin rubuta tarihin gidan Hohenzollern na Jamus, ga sunayen sarakunansu da na tattara tun daga kakan farko, amma na rasa abin da zan ce a kansu." Da na duba sai na ga wane ya haifi wane, wane ya gaji wane, kuma kusan rabinsu sunansu Friedrich, amma babu gari ko gona ko daji ɗaya da aka ambata a ciki. Abin da na gaya masa a ranar shi ne zan faɗaɗa a nan, domin ya amfani duk mai son yin irin wannan bincike daga inda yake zaune. Tarihin gidajen sarautar Jamus na tsakiyar zamani yana cikin takardun ƙasa, saboda haka mai bincike ya kamata ya bi kowane yanki na ƙasa shi kaɗai, ya gano ta wace ƙofa ya shigo gidan, da wane sharaɗi aka riƙe shi, da kuma yadda ya fita. Zan bar sunayen mutane da na ƙananan garuruwa yadda Jamusawa ke rubuta su, domin da wannan rubutun ne za ka same su idan ka je nema.

Aikin farko shi ne ka nemo wurin da aka fara ambaton gidan a rubuce, ka raba shi da abin da gidan ke faɗa game da asalinsa. Kowane gidan sarauta yana da labarin asali, kuma mu ma mun san yadda gidaje da dama a ƙasar Hausa ke kai salsalarsu gabas. A ƙarni na 15 gidan Hohenzollern ya yarda da labarin cewa jininsu ɗaya da gidan Colonna na birnin Rum. Wannan labari yana da amfani wajen gane yadda suke son a ɗauke su a wancan lokaci, amma ba hujja ba ce a kan asali. Hujjar farko tana cikin kundin shekara-shekara na wani ɗan zuhudu mai suna Berthold na Reichenau, wanda ya rubuta a ƙarƙashin shekarar 1061 cewa an kashe Burchard da Wezil na Zollern. Jimla ɗaya ce tak, babu sunan uba, babu dalilin kisa. Ka rubuta ta a shafin farko na littafinka yadda take, kada ka yi mata ƙari. Abin da ta tabbatar shi ne cewa a tsakiyar ƙarni na 11 akwai mutane da ake kira da sunan Zollern (wanda daga baya ya zama Hohenzollern), sunan wani dutse a ƙasar Schwaben, kudu maso yammacin Jamus, kusa da garin Hechingen na yau. Wannan ma darasi ne, domin a wannan zamani ne manyan gidajen Jamus suka fara ɗaukar suna daga gidan dutse mai ganuwa da suka gina a kan tudu, wanda ake kira Burg. Kafin nan mutum sunan yanka kaɗai gare shi a takarda, shi ya sa bin nasaba zuwa bayan shekara ta 1000 yake da wuya ƙwarai ga yawancin gidaje.

Bayan ambaton farko, ka juya wajen gidajen 'yan zuhudu, domin su ne suka iya rubutu kuma su ne suka adana takardu. Mai sarauta kan yanki wani abu daga ƙasarsa ya ba gidan ibada don a riƙa yi masa addu'a, a kuma binne zuriyarsa a wurin, su kuwa 'yan zuhudun sai su rubuta kyautar da sunayen ƙauyuka da shaidu, su ajiye don gudun ranar da magada za su zo da gardama. A shekarar 1095 Adalbert na Zollern yana cikin mutum uku da suka kafa gidan zuhudu na Alpirsbach, kuma daga irin wannan takarda ake gane inda gidan ke da ƙasa a lokacin, tunda mutum ba ya kyauta da abin da ba nasa ba. Daga baya, da gidan ya rabu reshe biyu, reshen Schwaben ya mayar da gidan zuhudu na mata da ke Stetten kusa da Hechingen maƙabartarsa, reshen Franken kuma, wato na yankin Nürnberg, ya ɗauki Heilsbronn. Duk inda ka ga gida yana binne matattunsa, ka sa alama a taswira, domin wurin yana nuna inda suke ɗauka a matsayin cibiya.

Yanzu ka buɗe littafi mai kauri, ka ware shafi guda ga kowane gari ko yanki. A kowane shafi za ka amsa tambayoyi iri ɗaya: wace shekara ya shigo hannun gidan, daga hannun wa, ta hanyar gado ne ko aure ko saye ko jingina ko naɗi daga sarki, wane haƙƙi ne takamaimai aka samu a cikinsa, sannan yaushe ya fita kuma me ya fitar da shi. Wannan littafi shi ne ƙashin bayan aikin, kuma ba zai ciku daidai ba sai ka fahimci irin riƙon da ake yi wa ƙasa a can.

Akwai ƙasar da take halaliyar gida, wadda Jamusawa ke kira Allod ko Eigen. Mai ita yana iya sayarwa ko bayarwa ko raba wa 'ya'ya maza da mata ba tare da neman izinin wani sarki ba. Akwai kuma ƙasar riƙo, wato Lehen, wadda sarki ko bishop ko wani babba ke ba mutum bayan ya yi masa mubaya'a, da sharaɗin biyayya da fita yaƙi idan an kira. Ita wannan a bisa asali tana bin 'ya'ya maza ne, kuma idan maza suka ƙare a gida sai ta koma hannun wanda ya bayar, ya ba wanda ya ga dama. Manyan ƙasashen riƙo na sarakunan duniya ana miƙa su ne da tuta, har ana kiran su Fahnlehen, riƙon tuta. Duk ɗan Gombe da ya san cewa da tutar Shehu Usmanu Buba Yero ya kafa masarautar nan, kamar yadda Malam Yakubu ya kafa ta Bauchi, zai gane ma'anar wannan ba tare da dogon bayani ba. Sai dai ina jan kunne a nan: kamanni ne kawai na alama. Tutar Shehu izini ce ta jihadi da shugabancin jama'a bisa shari'a, ita kuwa tutar Jamus alama ce ta yarjejeniya tsakanin ubangida da baransa a kan ƙasa sananniya. Ka yi amfani da kwatancen don ka fahimta, amma kada ka rubuta cewa abu ɗaya ne. Mai son ganin dokokin riƙo yadda mutanen zamanin suka tsara su, ya nemi Sachsenspiegel, kundin shari'a da Eike von Repgow ya rubuta a wajejen 1220 zuwa 1235, wanda ya kasu gida biyu, dokar ƙasa da dokar riƙo.

Nau'i na uku shi ne wanda ya fi rikita ɗalibai, ko da yake mu ne muka fi kowa saninsa, wato jingina, Pfand a Jamusance. Manomi a Kumo ko Dukku ya san cewa idan ya jinginar da gona, wanda ya ba da kuɗi zai ci amfaninta har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa, kuma ya san gonaki nawa ne suka tafi ke nan saboda ba a samu kuɗin fansa ba. Haka sarakunan Jamus suka riƙa yi da garuruwa sukutum, da kotunansu da kuɗin fitonsu. Saboda haka idan takarda ta ce gari kaza yana hannun wane a shekara kaza, kada ka yi saurin rubuta cewa nasa ne. Ka duba ko jingina ce, ka nemo adadin kuɗin, ka kuma nemo ko an taɓa fansa. Na huɗu shi ne Vogtei, wato wakilcin tsaro da shari'a a kan ƙasar coci: ƙasar ta coci ce, amma mai sarautar da ke kare ta yana yanke hukunci a ciki yana karɓar rabonsa, kuma gidaje da yawa da wannan suka gina ikonsu.

Abin da ke biyo bayan wannan shi ne ka cire wa ranka tunanin cewa ƙasar gidan sarauta dunƙulalliya ce mai iyaka guda kamar ƙaramar hukuma. A ƙauye ɗaya ana iya samun mai gonaki daban, mai kotun ƙananan laifuka daban, mai hukuncin kisa daban, mai zakkar coci daban, mai ikon farauta a dajin da ke kewaye daban. Dattawanmu sun san kwatankwacin haka kafin Turawa su yanka gundumomi su tura hakimai su zauna a cikinsu, lokacin da mai sarauta ke zaune a birni garuruwansa na warwatse nan da can, jakadu na kai da komo. Shi ya sa tambayar "wane haƙƙi" ta fi tambayar "wane gari" muhimmanci a littafinka.

Bari mu cika wasu shafuka tare. Shafin Nürnberg zai fara da aure. Friedrich na 3 na Zollern ya auri Sophia, 'yar gidan Raabs, waɗanda ke riƙe da sarautar Burggraf ta Nürnberg, wato wakilin sarki mai kula da gidan ganuwar birnin da shari'ar kewayensa. Da maza suka ƙare a gidan Raabs, sarki Heinrich na 6 ya ba surukin nasu wannan sarauta a wajejen 1192. Ka lura da abubuwa biyu da suka haɗu a nan: aure ne ya buɗe ƙofa, amma naɗin sarki ne ya tabbatar, domin sarautar riƙo ce. 'Ya'yansa biyu suka raba gado a farkon ƙarni na 13, Konrad ya riƙe Nürnberg ya zama tushen reshen Franken, Friedrich ya riƙe tsohon dutsen Zollern ya zama tushen reshen Schwaben. Daga wannan rana littafinka ya kasu biyu, kuma kada ka sake cakuɗa su.

Shafin Bayreuth shi ma aure ne. A 1248 Otto na 2, namiji na ƙarshe a babban gidan Andechs-Meranien, ya rasu ba ɗa, aka shiga rikicin gado tsakanin mazajen 'yan'uwansa mata da bishop na Bamberg, har zuwa 1260 da aka sasanta, Bayreuth ta zauna a hannun Burggraf Friedrich na 3 na Nürnberg, ɗan Konrad, mijin Elisabeth 'yar'uwar Otto. Shafin Ansbach saye ne, a 1331, daga gidan Oettingen. Shafin Kulmbach da gidan ganuwarta na Plassenburg ya fi ban sha'awa, domin a rabon gadon Meranien gidan Orlamünde ne ya same ta, sai a 1338 aka ƙulla yarjejeniyar jingina da gado, mai ita ya rasu ba magaji a 1340, ta faɗo hannun Zollern. Hof kuma an saye ta a 1373 daga masu Weida. Idan ka jera waɗannan shafuka a gabanka za ka ga abin da jerin sunayen sarakuna ba zai taɓa nuna maka ba, wato cewa reshen Franken ya girma ne da haƙuri, da aure mai kyau, da kuɗi a hannu lokacin da maƙwabta ke cikin bashi, da kuma tsayawa kusa da duk wanda ke kan gadon daula, wato Daular Rum Mai Tsarki da ta haɗa ƙasashen Jamus a lokacin. Sakamakon wannan kusanci ne ya sa a 1363 sarki Karl na 4 ya ɗaga Friedrich na 5 zuwa darajar manyan sarakunan daula.

Shafin Brandenburg shi ne wanda ya canja makomar gidan, kuma ya cancanci ka daɗe a kansa. Dokar da ake kira Hatimin Zinariya ta 1356 ta ƙayyade masu zaɓen sarkin daula su bakwai: manyan bishop na Mainz da Trier da Köln, sarkin Bohemiya, da masu Pfalz da Sachsen da Brandenburg. Kalmar Kurfürst ma'anarta ke nan, mai zaɓen sarki, sarautar da kowace fada a arewacin Nijeriya ta san nauyinta. Friedrich na 6 na Nürnberg ya taimaki Sigismund ya hau gadon daula, shi kuma a 1411 ya tura shi Brandenburg a matsayin mai riƙon ƙwarya, ƙasa mai nisa a arewa maso gabas, wadda tazararta da Nürnberg ta fi ta Gombe zuwa Jos. Ya tarar da manyan mayaƙan ƙasar, musamman 'yan gidan Quitzow, sun riƙe gidajen ganuwa da yawa, wasu ta hanyar jingina, ba sa sauraron kowa, sai da ya rushe musu ganuwa da igwa a 1414. A 1415, a taron coci na Konstanz, Sigismund ya ba shi ƙasar da sarautar zaɓe, amma ya rubuta sharaɗin cewa gidan Sigismund na iya fansarta da gulden 400,000 (gulden kuɗin zinariya ne na zamanin), sannan a watan Afrilu na 1417 aka yi bikin naɗin a bainar jama'a a wannan birni. To, shekara uku ke nan a gabanka, 1411 da 1415 da 1417, kuma kowace tana da gaskiyarta. Ɗalibin da ya rubuta ɗaya ya bar biyu ya ɓatar da labarin yadda riƙon ƙwarya ya zama riƙo mai sharaɗin fansa, sannan ya zama gado. Idan kana son sanin abin da ya tarar a ƙasar, akwai kundin ƙidayar ƙauyuka da Karl na 4 ya sa aka yi a 1375, Landbuch na Brandenburg, wanda ya bi ƙauye ƙauye yana faɗin yawan Hufe da ke ciki da wanda ke karɓar haraji daga kowace. Hufe gona ce gwargwadon abin da zai riƙe gida ɗaya, kamar gandun magidanci, kuma faɗinta ya bambanta daga yanki zuwa yanki, don haka kada ka mayar da ita kadada da ƙididdiga guda.

Ka koma shafin Nürnberg ka rubuta fitarta. An ƙone gidan ganuwar Burggraf a 1420 a wani yaƙi da Bayern, kuma a 1427 Friedrich ya sayar wa hukumar birnin kangon da wasu haƙƙoƙi a kan gulden 120,000. Amma bai sayar da komai da komai ba. Ya riƙe sunan sarautar, ya riƙe babbar kotun ƙasa da wasu iko a wajen ganuwar birni, kuma a kan waɗannan ragowar haƙƙoƙi ne ɗansa Albrecht Achilles ya yi yaƙi da birnin a 1449 zuwa 1450. Gidan ya ci gaba da amsa sunan Burggraf na Nürnberg ɗaruruwan shekaru bayan ya bar birnin. Mu a nan mun ga yadda suna ke tafiya ya bar wuri, tunda fadar Gombe ta tashi daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, ta sake tashi zuwa Doma a 1919, sunan kuma ya biyo ta. Saboda haka jerin laƙabin da ke saman takardar sarki ba jerin abin da yake riƙe da shi ba ne a ranar.

Akwai tarko biyu da ke kama kusan kowa. Na farko shi ne lambar sunaye. Gidajen Jamus suna maimaita sunan kaka kamar yadda muke yi, kuma masana tarihi na baya ne suka sa lambobin, suna sabunta ƙirga duk lokacin da sarauta ta canja. Friedrich na 3 na Zollern shi ne Friedrich na 1 na Nürnberg. Friedrich na 6 na Nürnberg shi ne Friedrich na 1 na Brandenburg. Friedrich na 3 na Brandenburg shi ne Friedrich na 1 da ya naɗa wa kansa kambin Purushiya a Königsberg a 1701. Mutum uku ke nan masu amsa Friedrich na 1 a gida ɗaya, tsakanin na farko da na ƙarshe shekara ɗari biyar. Maganin wannan shi ne duk inda ka rubuta suna ka haɗa da sarautarsa da shekarar rasuwarsa da sunan matarsa. Tarko na biyu shi ne kwanan wata. Takardun zamanin ba su cika cewa ranar kaza ga wata kaza ba, sai dai su ce Talatar da ta biyo bayan idin waliyyi wane, kuma a sassa da yawa na Jamus sabuwar shekara tana farawa ne ranar Kirsimeti, 25 ga Disamba, ta yadda takardar da aka rubuta a ƙarshen Disamba za ta ɗauki lambar shekarar da mu muke ganin ba ta shigo ba tukuna. Wanda ya saba juya kwanan Hijira zuwa na Miladiyya ya san irin kulawar da ake bukata. Masu buga tsofaffin takardu sukan warware kwanan a saman kowace takarda, ka dogara da nasu har sai ka ƙware.

Game da inda za ka samu takardun kana zaune a Gombe, abin ya yi sauƙi fiye da yadda ake zato, muddin akwai intanet. Takardun gidan Zollern na tsakiyar zamani an tattara su an buga a jerin kundaye mai suna Monumenta Zollerana, wanda Rudolf von Stillfried da Traugott Märcker suka fara fitarwa a 1852, kuma an ɗauki hoton shafukansa an sa a ɗakunan karatu na intanet. Kundayen tarihi irin na Berthold suna cikin Monumenta Germaniae Historica, aikin da aka kafa a 1819. Taƙaitaccen bayanin takardun sarakunan daula kuma yana cikin Regesta Imperii, inda za ka iya rubuta sunan gari ko na gida ka ga duk inda aka ambace shi. Nassin takardun da Latin ne ko tsohon Jamusanci, amma taƙaitawar da Jamusancin zamani take, kuma manhajar fassara za ta ba ka ma'anarta gaba ɗaya. Sai dai kada ka bar mata kalmomin shari'a, domin tana iya mayar da jingina saye ko riƙo mallaka, kuskuren da zai rushe shafi guda na littafinka. Ka haddace kalmomi kaɗan da idonka: verkaufen sayarwa, verpfänden jinginarwa, belehnen ba da riƙo, erben gada. Kada kuma ka tsallake sunayen shaidu da ke ƙarshen takarda. Jerinsu yana bin daraja, kuma ganin sunan mutum yana maimaituwa a takardun sarki a garuruwa dabam-dabam yana nuna yana cikin tawagarsa. Da irin wannan ne ake gane kusancin gidan Zollern da fadar daula tun kafin a ba su Nürnberg.

Wani abin da nake so kowane ɗalibi ya bi a hankali shi ne dokar rabon gado ta cikin gida, domin ita ce ke bayyana dalilin da ya sa wani reshe ya haɓaka wani ya tsuke. A 1473 Albrecht Achilles ya rubuta wasiyyar da ake kira Dispositio Achillea, ya ce Brandenburg ta babban ɗa ce, ƙasashen Franken kuma, Ansbach da Kulmbach, a raba wa ƙannen babban ɗan su biyu kada a wuce haka. Daga reshen Ansbach ne aka samu Albrecht, shugaban ƙungiyar mayaƙan coci ta Jamusawa, wanda a 1525 ya mayar da ƙasar ƙungiyar a Purushiya sarautar gado a ƙarƙashin sarkin Polan, ita kuma ta haɗu da Brandenburg a 1618. Abin da ya biyo baya, sarautar 1701 da daular Jamus ta 1871 da saukar Wilhelm na 2 a 1918, ya fita daga tsakiyar zamani, kuma ya isa ka ambace shi a layi biyu.

Ni a ganina shafukan reshen Schwaben sun fi koyar da ɗalibi, ko da yake littattafai sun fi son reshen da ya yi nasara. A can abin da za ka riƙa rubutawa shi ne fita. Tun a ƙarni na 12 wani reshe ya ɓalle ya zama gidan Hohenberg, wanda 'yarsa Gertrud ta auri Rudolf na Habsburg, kuma a 1381 aka sayar da ƙasar Hohenberg ga gidan Habsburg a kan gulden 66,000. A 1288 aka sake raba abin da ya rage, aka samu reshen Schalksburg, wanda mai riƙe da shi na ƙarshe, bayan rasuwar ɗansa tilo, ya sayar da ƙasar tare da garin Balingen ga gidan Württemberg a 1403 a kan gulden 28,000, maimakon ta koma wa danginsa. Sannan 'yan'uwa biyu, Friedrich na 12 da Eitel Friedrich na 1, suka shiga gaba da juna a kan ɗan abin da ya saura, bashi ya yi wa babban katutu, har biranen Schwaben suka haɗa kai suka yi wa dutsen Zollern ƙawanya wata goma, suka rushe gidan a 1423. Ka duba wannan shekara da kyau: shekara shida ke nan bayan an naɗa ɗan'uwansu na Franken mai zaɓen sarkin daula. Sai a 1454 Jos Niklas ya sake ɗora harsashin ginin. Daga nan shafukan shigowa suka dawo a hankali. A 1497 aka yi musaya da Maximilian na Habsburg, aka ba shi Rhäzüns da ke cikin Suwizalan ta yau aka karɓi Haigerloch da ke maƙwabtaka da Hechingen, wato an ba da na nesa an karɓi na kusa. A 1535, bayan maza sun ƙare a gidan Werdenberg, aka samu Sigmaringen da Veringen a matsayin riƙo daga Habsburg. A 1576, da Karl na 1 ya rasu, 'ya'yansa suka sake raba ƙasar uku, Hechingen da Sigmaringen da Haigerloch.

Idan shafukan sun cika, ka ɗauki farar takarda ka zana taswira uku ko huɗu ta shekaru dabam-dabam, misali 1200 da 1350 da 1420 da 1500, ka yi amfani da launi ɗaya ga halaliya, wani ga riƙo, wani ga jingina, ka sa ɗigo kawai a inda gidan ke da kotu ko kuɗin fito ba tare da ƙasa ba. Sai bayan wannan za ka koma ga jerin sunayen da ka fara tarawa, ka ɗora kowane mutum a gefen abin da ya shigo ko ya fita a zamaninsa, ka kuma ba matan gidan wurinsu, tunda Sophia da Elisabeth su ne ƙofar Nürnberg da Bayreuth. A rubutun ƙarshe, duk jimlar da ta ce gidan ya samu wuri kaza dole ta faɗi ta yaya, duk adadin kuɗi a bar shi da gulden ɗinsa kada a juya shi zuwa naira, kuma a ƙarƙashin kowace shekara ka san takardar da ta fito daga ciki. Ɗalibin nan ya dawo bayan mako uku da littafi mai shafi goma sha tara da taswira uku, kuma tambayar da ya zo da ita a wannan karo ita ce ko Cadolzburg, inda masu sarautar Nürnberg suka mayar da mazauninsu, halaliya ce ko riƙo. Na ce masa ya buɗe mata shafi na ashirin, ya koma kundin takardun ya nemo farkon inda aka ambace ta a hannun gidan.